Shek ɗin da banki ya maido: bashi ne ko 419?

Laouali: Salamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya ga masu ilimin shari'a na cikin gurup ɗin nan. Gardama ce ta kaure mana a fada, wani ya ce wai 419 ɗin nan da muke kiran ƴan damfara da ita lambar doka ce da Turawan Ingila suka bari tun mulkin mallaka kuma har yau da ita ake hukunci a Najeriya, wani kuma ya ce mu ma nan Nijar dokar da ake kama eskoro da ita ta Faransa ce aka sake wa suna kawai. To in haka ne ta yaya dokar da aka rubuta tun ko banki babu a Maraɗi za ta iya da masu damfarar yanzu?

Abdoul Aziz: Wa alaikumus salam yaya Laouali. Mai maganar farko yana da gaskiya amma da saura. 419 sashe ne cikin kundin laifukan da ake kira Kiriminal Kod. Gwamna Lugga ya fara kafa kundin a Arewacin Najeriya a 1904, kuma ba a nan aka tsara shi ba, kwafo shi aka yi daga na Kwinslan ta ƙasar Ostareliya na 1899 wanda wani alƙali Samuel Griffith ya rubuta. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 sai a 1916 aka shimfiɗa shi ga ƙasar baki ɗaya. Abin da sashen ya ce shi ne duk wanda ya karɓi abin wani ta hanyar ƙarya da niyyar cuta, ɗaurin shekara 3 ne, in darajar abin ta kai naira dubu ɗaya shekara 7. Naira dubu ɗaya fa, wadda yau ba ta kai ko jika guda ta sefa ba, daga nan kaɗai ka san dokar ta kwana biyu.

Amma mu nan Katsina inda nake karatu, da Kano da sauran Arewa, ba da wannan kundin ake aiki ba tun 1960. An yi wa Arewa nata daban, Final Kod, an zartar da shi a 1959 ya fara aiki 30 ga Satumba 1960, shi kuma daga na Sudan aka ɗauko, na Sudan daga na Indiya na 1860. A cikinsa zamba tana sashe na 320 zuwa 322. Wato ɗan damfarar Kano da kowa ke kira 419, ba da sashe na 419 alƙalin Kano zai ɗaure shi ba.

Laouali: Ikon Allah. Ostareliya da Indiya kuma. To mu fa?

Mushe Issoufou: Laouali ɗana, namu ya fi nasu tsufa ma. Tushensa kundin laifuka na Napoleon na 1810, aya ta 405, ita ce ayar zamba, ɗaurin shekara 1 zuwa 5. Sai dai a lura da wani abu da mutane ke mantawa, mafi yawan zamanin Nasara wannan dokar ba ta shafi kakanninmu ba ko kaɗan, domin shari'a biyu ake yi. Akwai ta ƴan ƙasar Faransa, ita ce ta kundin Napoleon, akwai kuma ta talakawan mallaka, kotunan gargajiya da aka tsara tun 1903, sarakai da alƙalai suna hukunci bisa al'ada da addini amma kumandan na bisa kansu, ga kuma andijana wadda kumandan ke iya jefa mutum kaso har kwana 15 ba shari'a ba shaida. Sai a 1946 aka soke andijana, kuma da dokar 30 ga Afrilu 1946 aka ce kowa da kowa a yi masa hukuncin laifi da kundin Faransa. Ka ga shekara 14 kaɗai muka yi ƙarƙashin ayar 405 kafin ƴancin kai. Bayan nan aka yi namu kundin, doka mai lamba 61-27 ta 15 ga Yuli 1961, aka yi masa babban gyara a 2003, amma ƙashin bayansa na Faransa ne, wannan ba abin musu ba ne.

Alhaji Oumarou: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo, don maganar ga ni ta taɓa kai tsaye. Da kakar bana na sayar ma wani mutum wake buhu 150, muka yi ciniki miliyan 5, ya ce kuɗinshi ba su shigo ba tukuna, ya ciro littafin shek gabana cikin sito ya rubuta ya sa hannu, ya sa kwanan ƙarshen wata, ya ce Alhaji riƙe wanga, ranar nan ka tahi ka ɗauka. Aka yi lodi mota ta tashi. Ranar ta zo na tahi banki, yarinyar da ke kan kanta ta duba inji ta duba takarda ta shiga ciki ta daɗe, ta hito da shek ɗin da wata ƴar takarda manne a jikinshi ta ce Alhaji sai haƙuri. Na kira shi ya ce mako mai zuwa, mako ya zama wata, yanzu waya ma sai ya ga dama yake ɗauka. Da na je komisariya abin da jami'in ya fara tambayata shi ne, lokacin da ka karɓi shek ɗin ka san babu kuɗi ciki? Na ce e, ai shi ya sa ya rubuta ƙarshen wata. Sai ya ce to Alhaji wanga ya fi kama da bashi. Ni dai ban gane ba, mutum ya kwashe mini dukiya da takardar banza a ce bashi?

Hajiya Rakia: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Alhaji. Wallahi abin nan ya yi yawa a kasuwa.

Metir Sanoussi: Allah ya fidda ka Alhaji. Tambayar da jami'in nan ya yi maka ba wulaƙanci ba ce, ita ce tambayar da dokar ke yi tun fil azal, kuma nan ne amsar Laouali take. Duka dokokin nan, ta Ingila da ta Faransa, sun ja layi tsakanin wanda ya yi maka ƙarya kan abin da ke nan yanzu da wanda ya yi maka alkawarin gobe bai cika ba. Na farko laifi ne, na biyu bashi ne. A wajen Faransawa ma abin ya fi tsauri, alƙalansu sun daɗe a kan cewa ƙaryar baki zalla ba ta isa ta zama zamba ba, sai an haɗa da sunan ƙarya, ko muƙamin ƙarya, ko wani makirci da aka shirya, misali takardar jabu ko wani mutum na uku da aka kawo ya gaskata ƙaryar. Namu kundin ma a aya ta 333 kan makircin ya tsaya, alƙali zai tambaya me aka ƙulla har ka saki kayanka.

Shi kuma shek a idon doka ba takardar alkawari ba ne, kuɗi ne a hannu. Faransa ta yi dokar shek ta farko a 1865, a 1917 ta mayar da bayar da shek babu kuɗi laifi, sannan bayan yarjejeniyar Jeniba ta 1931 aka yi babbar dokar 30 ga Oktoba 1935 wadda daga baya aka shimfiɗa ta a ƙasashen da take mulka. Ƙa'idar ita ce shek ana biyansa ranar da aka kai shi banki, ko da an rubuta kwanan wata na gaba, da washegari ka kai shi Alhaji banki ba shi da ikon ce maka jira ƙarshen wata. Kuma a tsohuwar dokar nan yadda aka gyara ta daga baya, ba mai bayarwa kaɗai ake hukuntawa ba, har wanda ya karɓi shek yana sane babu kuɗi ciki shi ma mai laifi ne, don a ganinsu ya taya ɓata takardar da ake so kowa ya yarda da ita kamar kuɗi.

Alhaji Oumarou: Subhanallahi. Wato da zamanin ne ni ma sai a haɗa da ni? To ai duk kasuwa haka muke yi Metir, shek ɗin jingina, kowa ya san shi, daga masu shinkafa har masu siminti.

Metir Sanoussi: Na sani ranka ya daɗe, kuma shi ne matsalar. Ku kuna amfani da shi a matsayin jingina, doka kuwa ba ta taɓa yarda shek ya zama jingina ba.

Hajiya Rakia: To ni dai Metir ka yi haƙuri, wannan dokar ba don mu aka yi ta ba. Mu mata da muke raba atamfa da leshi da kayan ɗaki bashi gida gida, wace takarda gare mu? Mace ta zo ta rantse maka da Allah mijinta zai karɓi albashi ranar kaza, ko adashinta zai fito, ka ɗauki turmi uku ka ba ta, daga baya ka ji babu adashin ma sam, kuma haka ta yi wa mutum huɗu a unguwa ɗaya. A ce wai wannan ƙaryar baki ce ba ta isa ba? Ai mu baki shi ne takardarmu, kasuwar Maraɗi kaf a kan baki ta ginu, alhazan da suka yi suna a garin nan da amana suka riƙa tura kaya Kano da Legas ba da sa hannu ba.

Abdoul Aziz: Hajiya a dokar Ingila misalinki ya shiga fa. In ta ce tana cikin adashi alhali babu adashin, ƙarya ce kan abin da ke nan yanzu, sashe na 418 na Kiriminal Kod ya ce ko da baki ko a rubuce ko da aiki. Abin da bai shiga ba shi ne in adashin na nan, ta karɓa ta kashe a wani wuri. Ita kuma dokar Indiya da Arewa ta gada ta ma fi faɗi, niyya take dubawa. A cikin kundin 1860 ɗin akwai misalai da suka rubuta ƙarƙashin sashen zamba, ɗaya na cewa wanda ya biya kaya da takardar karɓar kuɗi a gidan da ba shi da ko sisi kuma ya san za a maido ta, ya yi zamba. Wani misalin kuma na mai karɓar kuɗi kan zai kawo ganyen baba na rini, suka ce in tun farko ba shi da niyyar kawowa zamba ce, in kuwa yana da niyya daga baya ya kasa, sai dai a yi ƙararsa a biya, ba a ɗaure shi.

Mushe Issoufou: Yawwa Abdoul Aziz, ka taɓo inda nake so. Dubi misalin da kyau, baba na rini. Wa ke ba manoman Indiya kuɗi kafin girbi don su noma baba? Turawan kamfani. Ni a ganina dokokin nan duka da idon mai kanti aka rubuta su, mutumin da ke ba da kuɗi gaba yana da littafi da akawu, abin da ke tsorata shi kada ɗan ƙasa ya gudu da abansi, kuma kada takardar banki ta rasa daraja tsakanin Turawa ƴan kasuwa. Mu nan gyaɗa ce ta tsaya matsayin baba. Kantunan Nasara su ba dillalai kuɗi da kaka, dillalai su bazu ƙauyuka, manomi kuwa dole ya sayar don lanho, wato haraji, na jiransa. Wa ya taɓa jin an rubuta aya don kare manomin da aka danne wa sikeli? Hajiya tana da gaskiya, doka ta san takarda, ba ta san mai baki ba.

Baba Chaibou: Jikana ka rubuta mini, ni nika faɗi. Abin da Mushe ya ce na gani da idona ina yaro. Ubana shina sayen gyaɗa ma wani kanti, bayan ruwan 1945 da ya ci tsohon garin Maraɗi aka hau tudu. In kaka ta yi sai a kira su a ƙirga musu kuɗi, akawu shi rubuta cikin babban littahi, su dangwala yatsa don ba su iya boko ba, abin da aka rubuta kuwa Allah kaɗai ya sani sai akawu. Shekarar da ruwa ya yi gardama wani abokin ubana bai cika buhunanshi ba, ba cin kuɗin ya yi ba, manoma ya ba su kuma gona ba ta yi ba, gardi ya zo har zaure ya tahi da shi, sai da danginshi suka saida shanu. Amma tsakaninmu ƴan gari ba haka mukan yi ba. In mutum ya ci bashi a kan tahi wurin maigidanshi ko mai unguwa, in ta ƙi a je gaban alƙali da shaidu biyu, kuma wanda aka sani da cin amana ko goro ba mai ba shi bashi kuma, har ɗiyanshi sai abin ya bi su wurin neman aure. Shek kuwa ban taɓa ganin shi hannun baƙin mutum ba sai bayan an samu mulkin kai.

Laouali: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan ba a makaranta za mu ji shi ba.

Metir Sanoussi: Allah ya ja kwana Baba. Mushe, ban musa maka tarihin ba, amma labarin Baba ni hujjata ce ba taka ba. Mutumin nan da gardi ya ɗauka bai yi zamba ba, kasawa ya yi, kuma da an bi ayar 405 yadda take da ba a taɓa shi ba, domin Faransa tun 1867 ta hana ɗaure mutum kan bashin kasuwanci a ƙasarta. Abin da ya kai shi kaso ikon kumandan ne da ƙarfin kanti. Zaluncin shi ne layin da ke kare ɗan kasuwar Faransa in ya karye, an hana shi ga baƙar fata. To yanzu da muka samu layin sai mu goge shi da hannunmu? In aka ce duk wanda bai cika alkawarin biya ba eskoro ne, wallahi ba manyan alhazai za a kwasa ba, masu ƙaramin ƙarfi ne za su cika gidan kaso, mai tebur da ɗan kabu kabu da matar da ta ɗauki turmi uku. Ina ganin haka a aikina, mai kuɗi ya kai ƙaramin yaro komisariya kan jika hamsin a tsare shi har uwarsa ta sayar da akuya, a kira shi zamba alhali bashi ne tsagwaronsa.

Mushe Issoufou: Na ji wannan kuma ban ƙi ba. Amma ka amsa mini, me ya sa har yau mai takarda ke da gajeriyar hanya, mai shaidu biyu kuwa sai ya yi ta safa da marwa a jastis? Shekara sittin da ɗoriya da ƴancin kai, majalisa nawa aka yi, ba wanda ya zauna ya dubi yadda ake ciniki a Maraɗi da Damagaram da Ƙonni ya rubuta doka daidai da shi. Indiya ma da aka yi wa kundin 1860 ta ajiye shi a 2024 ta yi nata.

Malam Nouhou: Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu. Ina so in tuna mana cewa raba bashi da zamba ba Nasara ya kawo mana shi ba, yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan garin nan tun kafin su zo. Allah ya ce cikin Baƙara aya ta 280 in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne, kuma ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Kun ga mutum uku ke nan, wanda ya kasa, da wanda yake da shi ya ƙi, da wanda tun farko cuta ya zo yi, kowanne da hukuncinsa. A mazhabarmu ta Malikiyya alƙali na iya tsare wanda ake bi don a binciki halinsa in ana zaton ya ɓoye dukiya, amma wanda ya tabbata ba shi da komai ba a tsare shi. Sannan Hajiya ki yi haƙuri, maganar baki shi ne takardarmu, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, umurni ce a rubuta bashi, ƙarami ko babba, a sa shaidu. Mu muka mayar da rubutu kamar rashin yarda, har mutum ya ji kunyar ce wa ɗan'uwansa mu rubuta.

Hajiya Rakia: Allah ya gafarta Malam gaskiya ne, amma ka san halin mutanenmu, ka ciro littafi ka ce hajiya sa hannu sai ta ce au ba ki yarda da ni ba, gobe ta koma wajen wata. Sai dai in duk mun haɗa kai mun yi tare.

Mahamadou: Ni ma'aikacin banki ne, bari in ƙara kan abin da Metir ya faɗa don Alhaji ya san inda zai dosa. Yanzu harkar shek a ƙasashen UEMOA takwas, wato na Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, tsari guda ne, doka mai lamba 15 ta 2002. Shek ɗin da aka bayar cikin gari ɗaya ana so a kai shi banki cikin kwana 8, in wani gari ne cikin ƙasa kwana 20. In ya dawo don babu kuɗi, banki zai rubuta wa mai kwantin gargaɗi ya ba shi kwana 30 ya gyara, in bai gyara ba a karɓe littattafan shek ɗinsa a hana shi bayarwa shekara 5, kuma sunansa ya shiga rajistar BCEAO, babban bankin ƙasashen nan, da duk bankuna ke gani. Kai kuma mai shek kana da haƙƙin banki ya ba ka takardar shaidar rashin biya, ka kai wa wisiye, jami'in da ke isar da takardun shari'a, ya sanar da shi, in ya ƙi biya a ba ka izinin kama dukiyarsa ba sai an yi doguwar shari'a ba. Faransa da kanta tun 1991 ta daina ɗaure mutane kan shek marar kuɗi zalla ta koma wannan hanyar ta banki. Amma akwai abubuwan da har yanzu laifi ne kai tsaye, shek na jabu, ko bayar da shek kan kwantin da ka san an rufe, ko ka bayar sannan ka zagaya ka kwashe kuɗin don ka cuci mutum, ko ka bayar alhali an riga an hana ka. Don haka Alhaji duba ƴar takardar nan da aka manna, me aka rubuta dalili?

Alhaji Oumarou: Na sa yaro ya karanta mini. Ya ce kuɗin da ke ciki ba su isa ba, ba a ce an rufe ba.

Mahamadou: To ka koma ka nemi takardar shaidar rashin biya, kada ka tsaya jiran waya. Kuma asalin shek ɗin kada ya bar hannunka, ko ya ce kawo in canza maka wani.

Abdoul Aziz: Da a Najeriya ne da labarin ya bambanta. Soja sun yi doka ta musamman a 1977 kan shek ɗin da ya dawo, in ka karɓi kaya da shi aka kai banki cikin wata 3 babu kuɗi, shekara 2 ne babu zaɓin tara, sai in ka gamsar da kotu cewa lokacin da ka rubuta kana da dalilin zaton za a biya. Ga kuma dokar damfara ta 2006 da EFCC, hukumar yaƙi da laifukan kuɗi ta Najeriya, ke aiki da ita, shekara 7 zuwa 20. Masu kai kaya Jibiya da Dawanau su san da wannan, in ka ba mutum shek na bankin can dokar can ce za ta hau ka.

Hajiya Rakia: Yanzu ma ai shek ya zama na manya. Abin da ke cinmu hoton tura kuɗi na ƙarya, yaro ya nuna maka waya ga saƙo an tura, ka ba shi kaya, ka duba babu komai.

Metir Sanoussi: Wannan kam Hajiya babu gardama a kansa ko a wace dokar, ya ƙirƙiro shaidar ƙarya kan abin da bai faru ba, zamba ce cikakkiya, ki ajiye hoton da lambar ki kai ƙara. Alhaji, ni kuma akwai tambayar da nake so in yi maka kafin mu rufe ƙofar laifi. Mutumin nan da ba ka saba ciniki da shi ba, me ya sa ka yarda ka saki buhu 150? Shek ɗin kaɗai ne ko akwai wani abu?

Alhaji Oumarou: A'a ba shi kaɗai ba ne. Tare suka zo da wani mai kwat da jaka, ya ce shi wakilin wata ƙungiya ce mai ciyar da ƴan makaranta a ƙauyuka, ya hiddo takardar oda mai tambari da sa hannu, an rubuta wake tan kaza, ya ce kuɗin na hanya ƙarshen wata za su shiga kwantin abokinshi. Har ya buɗe buhu ya ɗibi waken ya duba ko da ƙwari. Ni wannan takardar ce ta kwantar mini da hankali, na ma sa yaro ya ɗauki hotonta.

Metir Sanoussi: To Alhaji ai nan maganar take, kuma na tabbata ba ka faɗa wa jami'in wannan ba, kan shek kuka tsaya. In ƙungiyar nan ba ta san da odar ba, ko mai kwat ɗin ba ma'aikacinta ba ne, to ga muƙamin ƙarya, ga takardar jabu, ga mutum na uku da aka kawo ya gaskata, duk abin da alƙalai ke nema tun zamanin ayar 405 ya cika, kuma su biyun za a kama ba ɗaya ba. A nan sanin da ka yi cewa babu kuɗi a kwanti ranar ba zai kashe maka ƙara ba, don ba shek ne ya sa ka saki kaya ba, odar ce. In kuwa odar gaskiya ce ƙungiyar ce ta yi jinkirin biya, to mutumin nan mai bashi ne kamar kowa, sai a bi hanyar da Mahamadou ya faɗa. Ka fara zuwa ofishin ƙungiyar da hoton, su ba ka amsa a rubuce, sannan mu rubuta wa furokira, mai gabatar da ƙara na gwamnati.

Mushe Issoufou: Ka gani ko Metir, da yaron bai ɗauki hoto ba da shi ke nan, an koma kan takarda. Ni har yanzu ina kan bakana, shaidar ƴan dako da suka yi lodi da maƙwabtan sito da suka ji abin da mai kwat ya faɗa ya kamata ta yi nauyi daidai da hoton nan.

Metir Sanoussi: A shari'ar laifi tana da nauyi Mushe, alƙali na karɓar kowace irin hujja har da shaidu, ya auna da kansa. Alhaji ka rubuta sunayen waɗanda ke wurin ranar tun ba su watse ba, har direban motar in ka san tashar da yake lodi, don shi zai faɗi inda aka sauke waken.

Malam Nouhou: Alhaji in ka yarda, kafin takarda ta kai ga furokira ka turo mini sunan unguwarsu ta waya ba nan cikin jama'a ba. In yana da manya a garin nan zan nemi limaminsu mu zauna da su, ko da rabin kuɗin ne a fara ajiyewa a rubuta sauran da shaidu. In kuma ta tabbata oda ta jabu ce ba zan sa baki a rufe ba, don gobe wani zai kai wa.

Alhaji Oumarou: Na yarda Allah shi gafarta Malam, zan kira ka bayan isha'i. Amma gobe Litinin da sahe ofishin ƙungiyar zan fara zuwa, daga can in wuce banki in karɓo takardar da Mahamadou ya ce. Direban na san shi, ɗan Tibiri ne, yanzu zan sa a nemo mini lambarshi.